Takalmina a Bishiyar Mai Faci

Ba zan taɓa mantawa da wata bishiyar dogon yaro da ke bakin hanyarmu ta unguwar Bobiel ba, ko da kuwa ina so in manta. Shekarata ta farko a jami'a, kullum da safe nakan wuce ta a kan keke, sai in ga takalma suna reto a rassanta: silifa, takalmin jariri, wani na ƙwallo da ya kwaɓe. Duk wari ɗai-ɗai, babu mai ɗan'uwa.

Abin ya hana ni sakat. A aji ina tunaninsu, a gida ina juyi a kan tabarma. Mai hankali da sai ya tsaya ya tambayi tsohon da ke facin taya a gindin bishiyar. Ni kuwa (mai rubuta waƙoƙi a bayan littafin darasi) sai na yanke wa kaina hukunci: wannan bishiyar masu bege ce, duk wanda ya rasa abokin tafiya yakan rataye wari ɗaya ya jira.

To, ni ma ina da abin jira. Nasiru, abokin yayana, mai aiki a kantin magani, wanda shekara biyu ban iya haɗa ido da shi ba. Wata Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci, na jingine kekena, na cusa takarda cikin jan takalmina na Sallah, na rataye shi. Baiti huɗu ne, da sunansa a sama, da nawa a ƙasa (ai marubuciya ba ta barin aikinta babu sa hannu). Kwana uku ina zagaya hanyar nan ba dalili.

A na huɗu, muna tsakar gida ina tsince wa Mama shinkafa, sai ga sallamar Nasiru, Yaya yana biye da shi yana danne dariya. A hannunsa, jan takalmina.

"Mama, ina wuni? Saƙo aka ba ni in kawo wa ƙanwata."

Ashe takalman yara ne da na fasinjoji, waɗanda ke suɓucewa daga kan babur. Tsohon ne ke tsince su ya rataye, don mai shi ya gani ya ɗauka. Da ya ga takarda, ya ɗauka adireshi ne, ya miƙa wa samarin da ke shan shayi kusa da shi su karanta masa. Suka karanta. Da ƙarfi. Har sau biyu, in ji Yaya, sannan suka bi sunan da ke sama suka kai wa Nasiru takalmin.

"Baba mai faci yana gaishe ki," in ji Nasiru, yana kallon ƙasa. "Ya ce a gaya miki bishiyarsa ta cigiya ce, ba ya haɗa aure."

Mama ta dubi takalmin, ta dube ni. "Ke, wannan ba shi kika ce ɓera ya ja ba?"

Na bar musu shinkafar na shige ɗaki. Kalmar "ƙanwata" ɗin nan kuwa ta ishe ni amsa, ban sake neman wata ba.

Yanzu in abu ya ba ni mamaki a hanya, nakan taka birki in yi sallama in tambaya. Waƙar sai daga baya, kuma ba na sa suna.