Ranar da Zuciyata Ta Hau Keke

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da abin da kurin baki ya ja min ba, lokacin ina karatun digiri na biyu, ina zaune a garin Laurel, can ƙasar waje.

Akwai wata ɗaliba a jami'armu, Olga, 'yar ƙabilar Mari ta ƙasar Rasha. Bincikenta a kan yadda mutanensu ke sarrafa kalmar zuciya ne. Ta ce a harshensu zuciya tana ƙuna, tana narkewa, tana zama dutse. Ta nuna min littafi guda cike da irin waɗannan, ta roƙe ni in ba ta namu na Hausa don ta kwatanta.

Na fara da ƙarfina: haɗiye zuciya, mutuwar zuciya, kai zuciya nesa. Kafin in kai goma kaina ya ƙafe. Kishi ya ɗebe ni. Yaren da ban taɓa jin sunansa ba ya kayar da Hausa a gabana? Sai na shiga ƙirƙira. Na ce mai gaggawa, zuciyarsa ta hau keke. Mai natsuwa kuwa, tasa ta sha koko. (Wallahi ko idona ban ƙifta ba.) Baiwar Allah tana rubutawa tana godiya.

Bayan wata huɗu ta ce za ta gabatar da aikinta, kuma za ta ambace ni. Ni da na manta da ɓarnata, sai na ɗauko Alhaji Garba tun daga garin Manassas inda yake zaune don ya ga ana ji da ni. Tsohon ma'aikacin rediyo ne, mai gyara wa mutane Hausa ko a wurin ta'aziyya, kuma 'yarsa Hadiza nake nema.

Ana cikin bayani sai ga kekena a allo, da manyan baƙaƙe, sunana a ƙasa. Alhaji ya gyara tabarau, ya ɗaga hannu.

"Malama, a ina ake faɗin wannan?"

Olga ta nuno ni da fara'arta. Na ce cikin in'ina, "Baba, Hausar ƙauyenmu ce."

"Wane ƙauyen? A Fagge aka haife ka, ni na san ƙofar gidanku."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Haka na miƙe gaban malamanta na ce ƙarya na yi. Abin da ya fi cin raina shi ne fuskar Olga, don babi guda sai da ta sake shi.

Da muka isa gidansa a mota, Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce, "Wanda ya yi wa harshen uwarsa ƙage, me zai riƙa gaya wa 'yata?" Shekara guda cur ya ajiye maganar aurenmu kafin ya sauko.

Tun daga nan, duk wanda ya tambaye ni abu yana riƙe da biro, in ban sani ba, cewa nake ban sani ba.