Dabbar Cikin Katifa

Wani ne, masinja a wani ofis, irin mutanen nan da sai rana ta take tsaka suke isa wurin aiki, su nemi benci a bayan kabad su miƙe. Yau ciwon kai, gobe gaisuwar mutuwa. Kakarsa guda ya yi ta binne ta har abokan aikinsa sun daina yi masa ta'aziyya. Amma kullum kukansa ɗaya ne, wai an ƙi ƙara masa girma. Yaran da ya nuna wa hanyar banɗaki ranar da aka ɗauke su aiki duk sun wuce shi, shi yana nan inda aka ajiye shi.

A gida kuma matarsa ta dame shi da maganar kuɗin cizo. Kullum ta tashi jikinta rudu-rudu, ta ce katifar nan ta cika da su, a fitar da ita. Shi kuwa in ya yi barci ko daka ake yi a kansa ba ya ji, sai ya ce sauro ne. Ta ce sauro ba ya bin ɗinkin katifa. Ya ce to na zamani ne. Da abin ya ishe ta sai ta kama guda ɗaya ta jefa a kwalbar magani, ta haɗa kayanta ta tafi gidan ƙanenta. Ta ce ita da ɗakin nan sai ranar da katifar ta bar shi.

Da farko gogan naku cika baki yake yi. Ba a je ko'ina ba yunwa da kewa suka yi masa rubdugu, ya sa hularsa ya bi ta.

Ƙanen nan nata mai hoto ne, amma ba na biki ba. Ƙwari da furanni yake ɗauka. Sai ka gan shi rub da ciki a cikin ciyawa da kyamara mai dogon baki, ya wuni yana jiran kudan zuma ya sauka a kan fure. Abin da ya yi ƙanƙanta kuwa ya sa shi a ƙarƙashin madubin nan na likitoci, ya ɗauka, ya wanko hoton ƙato ya manna a bango.

Mutumin ya shiga ɗakin aikin, ya ce a kira masa maman yara. Kafin ta fito sai ya shiga kallon bango. Ya nuna wani hoto ya tambaya ko taɓare ne aka jera a turmi aka barbaɗa musu gari. Mai hoto ya ce cikin fure ne. Ya nuna wani ya ce wannan dai rariya ce. Mai hoto ya ce idon ƙuda ne. Mutumin ya yi dariya, ya ce ƙarya ma a riƙa yi mata iyaka.

Juyawar da zai yi sai ya yi ido huɗu da wani hoto a bayan ƙofa, tun daga ƙasa har ƙirjinsa. Wata dabba ce ja, jikinta duk gashi tsaye-tsaye, ƙafa shida masu ƙaya, baki kamar mashi, ciki ya kumbura tim. Nan take ya ja da baya.

"Mai hoto, wannan a wane daji ka same shi?"

"Ba daji ba ne, mijin yaya. A katifarka aka kamo shi."

"Katifar wa?"

"Taka. Daidai inda kake sa kai. Cikin nan da ka gani, jininka ne."

Mutumin ya shafa wuyansa, ya shafa haƙarƙarinsa. Ko da matar ta fito ɗauke da ruwan sha, takalminsa ƙafa ɗaya ta tarar a bakin ƙofa.

Yana isa gida ya garƙame ɗakin da kwaɗo, ya jingina turmi a jikin ƙofa, ya shiga bi gida-gida yana tara maƙwabta. Ya gaya wa tela dabbar ta kai tunkiya. Kafin ya isa wurin mahauci ta kai ɗan maraƙi. Da ya je wurin mai gadin layi kuwa, ce masa ya yi ta taɓa haɗiye masa matashin kai. Aka taru, mai sanda, mai adda, mahauci da wuƙarsa, tela bai sami komai ba ya zo da almakashi.

Mutumin ya ce kada a yi gaggawa, a fara da dabara. Ya karɓi hanta a wurin mahauci, ya ɗaura a igiya, ya zura ta taga, shi kuma ya laɓe a bayan tela. Aka yi ta jira shiru, har kyanwar maƙwabta ta zo ta yi gaba da hantar. Da igiyar ta motsa, shi ne na farko a kan katanga.

Mahauci ya gaji ya ɓalle kwaɗon. Aka shiga da salati, aka rufar wa katifa da sara da suka. Auduga ta tashi ta cika ɗakin, kowa ya yi furfura. Aka yi mata fata-fata, ba a ga komai ba sai wasu 'yan jajayen ƙwari da ke gudu a cikin ɗinki. Tela ya ɗauki ɗaya a bakin almakashi ya kawo masa.

"Ko wannan kake nufi?"

"'Ya'yan ne. Uwar ta fita kiwo."

Ana cikin haka sai ga mai hoto da yayarsa, sun biyo shi da takalmin. Da mai hoto ya ji abin da ya faru, dariya ya yi har sai da ya riƙe bango. Ya ciro kwalbar magani daga aljihu, ya karkaɗo ƙwaron a tafin hannunsa, abu bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Shi ne wannan ɗin, mijin yaya. Shi ne na jikin hoton. Ni na ƙara masa girma."

Mutumin ya matso kusa. Ya dubi ƙwaron, ya dubi mai hoto.

"Ka ƙara masa me?"

"Girma."

"Sau nawa?"

"Ya fi sau ɗari."

Sai ya cire hularsa ya zauna a kan tarkacen katifar, idonsa ya kawo ruwa. Matar kuwa da ta ga katifa ta tashi aiki tuni ta ajiye jakarta ta ɗauki tsintsiya.

"Jama'a ku yi min shari'a," in ji shi. "Tun ba a haifi kakan kakan ƙwaron nan ba nake aiki a ofis, ko sau ɗaya ba a ƙara min girma ba. Shi daga shan jinina an ƙara masa sau ɗari?"

Matar ko ɗagowa ba ta yi ba, tana shara ta ce, "Shi ai ko dare ɗaya bai taɓa fashin aiki ba."