Takalmin Mujahid Ya Cika a Gonar Alhaji Nagode

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma aljihun da ya riga zuciyar shiga makoki, Malam Ɗanasabe mai awon hatsi a kasuwar Talata Mafara yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Mafara da Bakura da Maradun rasuwar sabon takalmin ɗansa Mujahid, baƙi, na fata, mai igiya. Marigayin ya cika ne ranar Asabar a bakin wata gonar shinkafa da ke bayan Birnin Tudu, bayan gajeruwar jinya. Ya tafi da ƙuruciyarsa. Fitarsa ta farko ke nan a duniya.

An haifi marigayin a cikin kwali, a shagon Mukhtar mai takalma. A jikin kwalin an rubuta Italiya, Mukhtar ya rantse can aka yi shi, kuma tun da Malam Ɗanasabe iyakarsa Gusau, bai ga dalilin musu ba. Abin da aka biya ba za a faɗe shi a nan ba, domin Mairo, uwar Mujahid, tana da masu karanta mata.

Ga masu tambayar abin da ya haɗa mai awon gero da irin wannan takalmi, to ga shi. Mujahid ya gama karatu, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ya ga Fiddausi, 'yar Alhaji Nagode na Birnin Tudu mai noman shinkafa da albasa, ya ce in ba ita ba sai dai ya zauna haka. Samari da dama sun je gaishe da Alhaji a kanta, kowa ya dawo da "Allah shi yi albarka", ba a sake neman kowa ba. Gwaggo Gimbiya, yayar Malam da ke aure a Bakura, ita ta kawo labarin cewa Alhaji Nagode ba ya fara duban fuskar saurayi, ƙafa yake kallo. Malam Ɗanasabe ya dubi ƙafar ɗansa, ya ga silifa wanda aka ɗaure wa hanci da waya. Talatar da ta biyo baya ya shigo gida da marigayin a hammata.

Duk wanda ya san marigayin zai shaida yana da fara'a. Kana leƙa shi za ka ga haƙoranka. Fatarsa sumul take kamar goshin jariri, ba layi ba tabo. Ƙamshinsa irin na ofishin manya ne. Bai taɓa shiga sabgar kowa ba, domin rayuwarsa duka a saman sif ya yi ta, a wurin kwanukan auren Mairo da aka sauke dominsa, abin da har yau ba ta yafe ba. Ba shi da yawan magana. In an sa shi an taka a kan tabarma sai ya ce ƙyas, ƙyas, ya yi shiru, kamar babban mutum.

Aibinsa ɗaya ne, yana ɗan matse ƙafar hagu. Mukhtar ya ce wannan ba komai ba ne, a je a dawo a canza, amma da sharaɗi: kada fatar ta karye. Don haka Malam ya tsara za a je gaisuwa da shi, a dawo a karɓi wanda ya fi shi girma don ranar ɗaurin aure, in Allah ya kai mu. Ya kuma koya wa Mujahid tafiyar da ba ta lanƙwasa yatsu, wato a ɗaga ƙafa gaba ɗaya, a ajiye ta gaba ɗaya. Yaro mai takardar makaranta, mai koyar da 'ya'yan mutane, sai ga shi a tsakar gida yana takun shamuwa a fadama, uwarsa tana tankaɗe tana girgiza kai.

Ciwon ajali ya soma ne da kyakkyawan shiri. Abokai ke raka saurayi gaisuwa, kowa ya sani, amma abokan Mujahid ba su san darajar fata ba. Malam ya raka shi da kansa, duk da Mairo ta ce abin kunya ne. Marigayin ya yi tafiyar a cikin kwalinsa, a kan cinyar Malam, sai a bakin gari aka sa shi. Malam da hannunsa ya ɗaure igiyar, irin ɗaurin da yake yi wa bakin buhu, kada ta kwance ta ja ƙasa. Lissafin shi ne a isa zaure, a zauna a dakali a kwance igiya a natse, a jera marigayin a bakin ƙofa daidai inda idon Alhaji zai sauka, a shiga a yi gaisuwa a kan tabarma. Takalmi ya yi aikinsa ba tare da ya motsa ba.

Sai aka ce Alhaji yana gona, yau ranar ruwansa ce.

Aka same shi tsaye a gaɓar kanal ɗin da ke kawo ruwan Bakolori, wando a naɗe, yana kallon ruwa na shiga shinkafa. Ba zaure, ba tabarma, ba dakali. Hanyar kuma siririya ce, kafin a ankara an yi ido huɗu. Malam ya zubar da nasa tsohon silifan ya durƙusa, domin Alhaji ya girme shi. Mujahid ya sunkuya ya ja igiya, ɗaurin bakin buhu ya ce bai san zancen ba. Ya dubi mahaifinsa. Malam ya yi masa duk alamar da ido zai iya yi: rusuna da ka, rusuna da baya, rusuna da komai, amma ban da ƙafa. Yaron ya dubi takalmin, ya dubi furfurar Alhaji, ya tsuguna har ƙasa a kan yatsunsa.

Marigayin ya ce ƙiiiƙ. Ita ce kalmarsa ta ƙarshe.

Da Alhaji Nagode mai gajeruwar gaisuwa ne, da wataƙila an ceto rai. Amma ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida da iyali da mutanen Mafara, ya tambayi kasuwa, ya tambayi yadda gero yake, kuma kowacce sai an amsa "lahiya lau" an mayar masa da tasa. Ana shirin ɗagowa sai ga yayan Alhaji, wani dattijo mai nauyin kunne da ya zo daga Maradun, aka sake komawa "ina kwana" da ƙarfi. Duk wannan Mujahid yana tsugune, Malam yana amsa gaisuwa da baki, idonsa yana kan fata tana naɗewa. Ko da aka miƙe, layi ya ratsa kowace ƙafa daga gefe zuwa gefe, na hagu har da ƙani. Alhaji ya dubi takalmin, ya daɗe yana dubansa, ya ce, "Allah shi yi albarka." Ya koma ga ruwansa.

Malam ya san wannan albarkar. Ita aka sa wa waɗanda suka gabata.

Iyalai suna so a sani cewa an yi iya ƙoƙari. An cusa wa marigayin tsofaffin jaridu har wuya. An shafa masa man kaɗanya. An shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle an bi da dutsen guga. Layin yakan ɓoye kamar ya ji magani, da an taka sai ya dawo da ƙarfinsa. Mujahid ya rage cin abinci, kuma ba don takalmi ba, domin ko Fiddausi ta ce ba ta san abin da mahaifinta ya yanke ba.

Daga nan gida ya rabu biyu, ko a mayar da gawa ga Mukhtar ko a haƙura. Malam yana ganin takalmin da ya karye a fitar farko ha'inci ne, kuma shi ya kunyata su a gaban Alhaji, gara a canzo wani a sake neman ranar gaisuwa. Mairo ba ta ga haka ba.

"Malam, fata ce fa, ba ƙarhe ba," in ji ta. "Ka dubi goshinka. Sumul yake sadda aka kawo ni gidan ga. Yanzu layinsa ya hi na takalmin ga, kuma ban kai ka ga kowa in canza ba."

Malam ya karɓi wannan a matsayin ta'aziyya.

Ranar Talata ya rungumi kwali sai shagon Mukhtar. Mukhtar ya juya gawa, ya ce fata in ta gaske ce dole ta karye, saniyar ma da ta bayar da ita wuyanta a tattare yake. Malam ya ce shi bai sayi saniya ba. Aka yi ta ja har masu wucewa suka tsaya suna ba da fatawa. A ƙarshe, saboda zaman kasuwa ɗaya, Mukhtar ya sauko da wani na roba mai ƙyalli, ya ce wannan ko mota ta bi ta kansa ba ya yin layi, a bar gawar a tafi da shi. Malam ya miƙa kwali.

Hannun Mukhtar yana kan kwalin sai ga Gwaggo Gimbiya, ta zo cin kasuwa daga Bakura.

"Ɗanasabe, tun ɗazu nike biɗarka. Mi kake yi da takalmin yaro?"

"Yaya, ya mutu. Canza shi za ni yi."

"Canza mi? Kai dai tun kana ƙarami ba ka da haƙuri. Jiya matar Alhaji Nagode ta zo muna barka, da bakinta ta ba ni labari. Alhaji ya ce duk yaran da ke zo mashi da sabon takalmi suke zuwa, su tsaya ƙiƙam suna kaɗa mashi kai, tsoron takalmi ya hi masu kunyar tsoho. Wanga ko, yana kallo ya karya sabon takalmi don shi gaishe shi. Ya ce a turo manya. Kuma ran ɗaurin aure da takalmin ga yake son ganin yaron, ba da wani ba."

Malam ya janye kwalin daga hannun Mukhtar a hankali, yadda ake karɓar jariri. Ya tambayi Gwaggo me ya hana ta faɗi tun farko abin da Alhaji ke dubawa a ƙafa. Ta ce ita ma sai jiya ta sani, kuma ko ta faɗa ba ji zai yi ba.

Saboda haka gawa ba za ta koma shago ba. Malam yana roƙon jama'a kada su ɗauka wannan ya rage masa baƙin ciki. Ya ɓata lokacinsa yana hana yaro lanƙwasa yatsa, ashe lanƙwasawar ake jira. Ga shi kuma ƙofar canji ta rufe, ƙafar hagu kuwa tana nan da matsinta.

Marigayin ya bar kwali guda cikin ƙoshin lafiya, da igiya biyu, ɗaya an yanka ta da reza a hanyar dawowa. Ya bar bororo a diddigen Mujahid. Ya bar tsohon silifa mai waya, wanda ya koma bakin aiki bai ce uffan ba, da kwanukan Mairo da suka koma saman sif ko kwana uku ba su jira ba. Na robar Mukhtar ba dangi ba ne, ya dai so ya ci gado.

Za a yi jana'iza bayan an yanke shinkafa, a ƙofar masallacin Juma'a na Birnin Tudu, daidai lokacin ɗaurin auren Mujahid da Fiddausi. Ango ne zai ɗauko gawa a ƙafarsa, yana ɗan ɗingishi ta hagu, kuma ana roƙon kada kowa ya tambaye shi dalili. Shi zai ɗaure igiyarsa, an hana Malam taɓawa. Kada wani ya zo da man goge takalmi ya ce zai rufe layin, surukinmu yana son ganinsa. Kafin ranar, ana karɓar gaisuwa a rumfar Malam da ke layin masu hatsi, kuma kowa ya tsuguna yadda ya ga dama, babu sauran abin karyewa.

Za a shimfiɗe marigayin a bakin ƙofa cikin sauran takalman bayin Allah. Mai neman uban ango kada ya wahalar da kansa a sahun gaba. Yana sahun ƙarshe, gab da ƙofa, kunnensa ga liman idonsa ga gawa, domin a ranar taro an sha ganin mamaci irin wannan ya tashi ya yi tafiyarsa a ƙafar wani.