Yoyon da Hukuma Ba Ta Gani Ba

Jama'a, idan kun ga rubutun wannan makon ya karkace, ku yi mini uzuri. A kwance nake yin sa, ƙafar dama a kan filo biyu, cinya ta sha man zafi har maƙwabta suna atishawa. Shekaranjiya Talata, wajen sha ɗaya da rabi na safe, ƙafar nan tawa ta fasa rufin ɗakina ta leƙa ciki, ta tarar da babban jami'i a zaune yana shan zoɓo. Sauran jikina kuwa yana can sama riƙe da rariya. Na san za ku ce me ya kai magidanci mai furfura kan kwano da rariya, to ku gyara zama.

Haya nake yi a Tudun Wada, gida mai ɗaki shida, uku suna kallon uku. Shekarata tara a ciki, damina uku ke nan ɗakina yana yoyo. Da farko wuri ɗaya ne, daidai kan rediyo, sai muka kawar da rediyon. Bara ya zama wuri huɗu. Bana mun daina ƙirgawa. Da hadari ya haɗo, mai ɗakina za ta kwaso tukwane da robobi ta jera, har murfin kula ya samu aikin yi. Gadonmu kuwa ya zaga ɗakin nan kaf yana neman busasshen wuri, kamar mai neman sabis ɗin waya.

Mai gidan, Alhaji Ndanusa, mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Matsalarsa ɗaya ce. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati, ya yi ritaya, amma aikin ya ƙi sakin sa. Da na je masa da kukan yoyo, sai ya ce, "Ka rubuto." Na rubuta. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mata kwanan wata, ya zura a fayil, ya ce ana dubawa. Bayan wata biyu na koma, ya ce takardar tana kan teburin shugaban kwamitin gyare-gyare.

Na ce, "Alhaji, wane ne shugaban?"

Ya ce, "Ni ne."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, ai ga ka."

Ya ce, "A'a, Malam Muhyiddeen. Yanzu a matsayin mai gida nake maka magana. Shugaban kwamiti sai Alhamis yake zama."

Na je ranar Alhamis, aka ce shugaban ya tafi ɗaurin aure Bida.

Da abin ya ishe mu, muka yi taro a tsakar gida, don ba ɗakina kaɗai ke zuba ba, nawa ne dai ya fi ƙwazo. Shekwolo, malamin firamare da ɗakinsa ke kallon nawa, shi ya kawo shawarar kada wanda ya sake biyan haya sai mun ga kafinta a kan rufi. Maman Faith, 'yar kudancin Kaduna mai sayar da zoɓo da kunu a ƙofar gida, ta buga cinya ta ce ita ma haka. Aka ce ni zan rubuta wasiƙa tunda ni ne mai rubutu a jarida. Na zauna na tsara ta, har da "bisa ga haka" da "ba tare da ɓata lokaci ba". Da aka zo sa hannu, wannan ya ce an kira shi a waya, wancan ya ce ya ɗora tukunya. Sunana kaɗai ya isa wurin Alhaji.

Ku ji ikon Allah. Mutumin da takardar yoyo ta shekara biyu a teburinsa, wannan kam kafin la'asar ya ba ta amsa. Notis ne, da sunana ɓaro-ɓaro, in tashi cikin wata ɗaya.

Nan fa dariya ta ɗauke mini. Duk wanda ya nemi ɗaki a Minna kwanan nan ya san abin da nake nufi. Ejan, wato dillalin gidaje, zai ce ka kawo na shekara biyu, ga nasa kason, ga na lauyan da ba za ka taɓa gani ba, ga na mashin ɗin da zai kai ka ka ga ɗakin da aka riga aka bai wa wani. Tsoro na ji sosai, ba na ɓoye muku. Mace da 'ya'ya uku a tsakiyar damina, ban san inda zan nufa da su ba.

Sai wani ya nuna mini wani ofishi da aka ce yana sasanta masu gida da 'yan haya. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ina da buƙatarsa. Bayan na yi kwana uku ina dumama musu benci, aka shigar da ni wurin Mai Girma Babban Mai Duban Rufi, Allah ya ƙara masa nisan gani. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, a wurinmu yoyo iri biyu ne. Akwai wanda ɗan haya ya ce ya gani, akwai wanda hukuma ta gani da idonta. Na farkon labari ne. Idan na zo na ga ruwa yana ɗiga, notis ya mutu, mai gida zai gyara. Idan ban gani ba, ka nemi mai kura ya kwashe maka kaya."

Na ce, "Madalla, yallaɓai. Duk ranar da aka fara ruwa sai in kira ka."

Ya ce, "Ba ma fita da ruwa."

Na ce, "Saboda me, ranka ya daɗe?"

Ya ɗaga kai ya dubi silin ɗinsa, ni ma na duba. Ya ce ofishin nasu yana zuba, ranar ruwa kowane ma'aikaci yana bakin aikin kwashe fayil zuwa lungu. Na ce ba su kai kuka ba? Ya ce sun rubuta tuntuni, ana jira a zo a gani.

Ya ba ni Talata uku, ƙarfe sha ɗaya na safe. Talatar farko ya zo, rana kamar za ta soya ƙwai. Na nuna masa silin ɗin da ya yi taswira kala-kala, na nuna masa katifar da ta koma warin rijiya. Ya ce, "Wannan tarihin yoyo ne, ba yoyo ba." Ya rubuta ba a samu ba. Ƙarfe huɗu daidai, lokacin da aka tashi daga ofis, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Talata ta biyu ma haka aka yi, har na fara zargin ko hadarin garin nan shi ma ma'aikaci ne, sai an tashi aiki yake samun sukunin harkarsa.

Ranar Litinin da yamma ina zaune na yi tagumi, Shekwolo ya jawo kujera. Hausarsa irin ta Minna ce, ba ruwanta da mace ko namiji, amma kansa yana ja.

Ya ce, "Malam, mutumin nan yana so ya gani ruwa yana sauka daga sama, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "To, ya ce dole sai wanda Allah ya zuba?"

Na dube shi. Gaskiya bai ce ba.

Matsalar farko ita ce ruwan kansa. Famfon gidanmu ya daɗe da zama abin rataye tsumma, godiya ta musamman ga manyan da ke kula da wannan fanni, waɗanda suka raba mu da haɗarin zamewa a tsakar gida. Sai muka tare mai ruwa da sassafe muka sauke kura biyu. Mai ɗakina ta tsaya tana kallon jarkokin nan, ta ce rabon da ta ga ruwa mai yawa haka a gidan nan tun sunan autarmu, shi ma ga shi za a zubar a kan kwano.

Matsala ta biyu, wa zai hau? Shekwolo ya shafa tumbinsa ya ce shi rufin ba zai ɗauke shi ba, kuma ai notis ɗin nawa ne. Shi zai tsaya a tsani ta bayan gida yana miƙo bokiti. Ya gargaɗe ni in riƙa taka layin ƙusa kawai, don nan ne katako yake a ƙasa. Maman Faith ta ba ni rariyarta ta tace kunu, ta ce in riƙa zubawa ta ciki don ya yi ƙarar yayyafi, kada in kwara kamar mai wanke mota.

Sha ɗaya ta yi, Mai Girma ya iso, Alhaji Ndanusa yana biye da fayil a hammata. Mai ɗakina ta shigar da su, ta ce na ɗan fita, ta rufe taga ta saki labule wai saboda ƙuda. Maman Faith ta kawo zoɓo mai sanyi. Ni kuwa ina sama, kwano yana gasa mini tafin ƙafa ta cikin silifa, na ɗaga rariya na fara aiki. Rufin da ke da ƙofofi haka ba ya ɓoye magana, duk abin da suke faɗa ina ji.

Mai Girma ya ce, "Ikon Allah! Da muka shigo ai rana ake ƙwallawa."

Maman Faith ta ce, "Oga, haka ruwan Minna yake fa. Shi ba ya ba da notis."

Ɗigon farko ya sauka a kan fayil ɗin Mai Girma, na biyu a tsakiyar hularsa. Na ji ya ce, "To, to, an fara gani," na ji ƙarar buɗe biro. Wallahi daɗi ya kama ni har na ji hawaye. Saura layi ɗaya in tsira da ɗakina.

Sai Alhaji Ndanusa ya yi gyaran murya ya ce, "Yallaɓai, ruwan nan a kan ɗakin nan kaɗai yake sauka ne? Ban ji motsinsa a kwanon gaba ba."

Shekwolo ya jiyo wannan daga kan tsani, ya ga aiki zai ɓaci. Ba tare da ya shawarci kowa ba, ya ga abin da ruwan namu ya rasa shi ne tsawa. Ya ɗaga bokitin ƙarfe ya maka shi a kan kwano da iya ƙarfinsa, daidai bayana. Na zabura, na manta da layin ƙusa, na manta da sunana. Ƙafar dama ta sauka a tsakiyar kwanon da tsatsa ta gama cinyewa, ta wuce, ta fasa silin, ta nutse har cinya. Silifa ta ci gaba da tafiya ita kaɗai, ta faɗa cikin kofin zoɓon Mai Girma.

Can sai na ji Mai Girma ya ce, "Wannan ƙafar ta wane ne?"

Mai ɗakina, wadda muka shekara goma sha tara tare, ta ɗaga kai ta ƙare mata kallo, ta ce, "Ni dai, yallaɓai, ban santa ba."

Alhaji ya ce, "Ni na santa. Ita ke kawo mini takarda."

Sai da Shekwolo da mai ruwa suka haɗu suka zaro ni. Na shiga ɗakin ina ɗingishi, wando a yage, na tsaya a gabansu kunya kamar ƙasa ta tsage. Na riga na sallama, a raina har na fara tunanin wane ɗan'uwa ne zai karɓi kayanmu ajiya. Alhaji kuwa ya miƙe yana cewa a rubuta ɓarna da yaudarar hukuma, a fitar da ni yau ɗin nan.

Mai Girma ya tsamo silifar ya ajiye gefe, ya yi ta rubutu har shafi biyu, sannan ya cire tabarau. Ya ce magana ta fi ƙarfin teburinsa. A da yoyo kaɗai ake bincike, yanzu ga yoyo, ga rami, ga ƙafa. Dole a gano ko ƙafa ce ta fasa rufi, ko kuwa ruɓaɓɓen rufi ne ya haɗiye ƙafa, kuma wannan aikin kwamiti ne. Kafin kwamiti ya miƙa rahoto, ba a taɓa rufin, don hujja ne. Ba a tashin ɗan haya, don shi da ƙafarsa su ma hujja ne. Maganar kuɗin haya kuma ta tsaya inda take.

Na ce, "Yallaɓai, yaushe kwamitin zai zauna?"

Ya ce, "Sai an naɗa shi."

"Yaushe za a naɗa shi?"

"Sai an ware kuɗin zama."

Ban gama fahimta ba sai da na dubi Alhaji Ndanusa. Bawan Allah ya sulale ya zauna a bakin gado, daidai inda ya jiƙe, bai ma ji ba. Shi ya san yaren. Daga baya aka gaya mini ya taɓa zama a kwamitin wani kwalbati shekara goma sha ɗaya, har mutum biyu suka rasu ba a kai ga karanta rahoton zaman farko ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Yallaɓai, a bar maganar kwamiti. Gobe zan kawo kafinta, da kuɗina, duk ɗakunan shida."

Mai Girma ya ce, "Alhaji, kai da ka san aiki? Ka taɓa hujjar hukuma?" Ya tattara fayil ɗinsa, ya roƙi Maman Faith ta ƙulla masa zoɓo biyu a leda, ya fita.

Shekwolo yana ta yawo a unguwa yana cewa mun yi nasara, kuma dabararsa ce. Mai ɗakina ba ta yarda ba, ta ce ɗaki ya zama namu har illa masha Allahu, ruwan sama ma haka, don yanzu ba ya ɗiga, shigowa yake yi kai tsaye. Jiya baho muka sa, ya cika sau uku. Ni dai na yi barci, irin wanda rabona da shi tun ranar da notis ya zo.

Saboda haka, ya ku manyanmu masu kujerun juyawa, na san na shekara ina caccakar ku a wannan shafi kan jan ƙafa da ajiye takarda. Na janye, ku yafe mini, ku ci gaba da yadda kuka saba. Idan kuma akwai wani mai zafin kai a cikinku da ke shirin gyara aiki ya riƙa sauri, don girman Allah ya dakata sai na gina nawa gidan. Fili ma ban saya ba tukuna.