Kafinta a Gaban Injin Zarto

"Lafiya lau, sai gajiyar ganin fuskarka," in ji taubashiyar Kafinta tun bai gaishe ta ba, tana karkaɗe mayafi a ƙofar shagon da ake sayar da tsofaffin injuna.

Kafinta bai ɗago ba. Tun hantsi yake tsaye gaban injin zarto, hannun damansa cikin aljihu. Irin wannan injin ne ya cinye masa yatsu uku bara, ya rufe shago ya koma gida ya zauna. Yanzu wani mai makaranta ya ba shi aikin bencina, ya ce in bai fara makon nan ba, zai kai wa wani. Matarsa ce ta turo masa 'yar kawun nasa, don ta san ita kaɗai ce ba ta jin nauyin bakinsa.

"Wa ya kwance ki, Uwar Surutu?"

"An ce min bawana ya zo neman aure wurin inji, ya kasa magana. Na zo in shige maka gaba."

"Bawanki? Ke da na goya kina zubar min da majina a wuya?"

"To gwani, zaɓi mana. Ga babban can, haƙoransa sun fi naka cika."

Mai shagon ya kunna shi don su ji lafiyarsa. Ƙarar ta cika ɗakin, garin katako ya tashi. Kafinta ya ja da baya har ya buge tarin ƙusoshi, gumi ya keto masa. Aka kashe.

"Ba zan iya ba," ya ce a hankali. "Ko a barci nake jin ƙararsa. Guduma ma sulluɓe min take yi. Na gama, 'yar kawu. Yarana sai dai su ci garin katako."

Ta kau da kai ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta juyo.

"Ka gama? Da can da kake da yatsu goma me ka tsinana? Kujerar da ka yi min, duk wanda ya zauna sai ya yi salati."

"Nauyinki ne ya karya ta. Gada ma sai ta yi ƙara in kin hau."

"Gadon da ka yi wa Inna fa? Ƙafa ɗaya na sallama, uku na bankwana."

Ta jawo wani ƙaramin zarto mai lantarki, mai murfi a kan haƙoransa, da ƙarfen matse katako guda biyu, ta dire su gabansa.

"Ga daidai kai. Ƙarfe ya riƙe katako, kai ka riƙe bakinka."

Ya zaro hannun daga aljihu, ya ɗora sauran yatsun a kan mariƙin. Ya san manyan ƙofofin da aka san shi da su sun wuce shi ke nan, bencin ma sai ya yi ninkin kwanakin da yake yi a da.

"Wannan ai na 'yan koyo ne."

"To kai mene ne yanzu? Gobe da safe zan zo in zauna a kan katakon, in ga ta inda zai motsa."

Dariya ta kuɓuce masa, guntuwa, mai ɗaci.

"Na sallama, uwar ɗakina. Mai shago, ɗaure min su. Ka ƙara da manyan ƙusoshi, benci na farko nata ne."