Mutuwar Dogo a Hannun Mai Tabarau

Da zuciya cike da baƙin ciki, da fushin da har yau bai sauka ba, Malamar ilimin halittu ta makarantar 'yan mata tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa ganinta tsugune a bakin fadama ya ɗauka ta zare, rasuwar gilashin kyamararta mai jawo nesa kusa, wanda gida da makaranta suka fi sani da Dogo. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, a kan teburin wani mai gyaran tabarau, bayan ya yi mata hidimar shekara shida. Malama ta ce a rubuta a fili cewa kashe shi aka yi, kuma wanda ya kashe shi ya sha cin abinci a gidanta.

Marigayin bai zo gidan yana sabo ba. Kafin shi, ɗan guntun gilashin da aka sayar mata tare da kyamara take amfani da shi, wanda in ta ɗauki tsuntsu da shi sai hoton ya fito kamar ƙuda ya yi kashi a kan takarda. Shekara biyu ta yi tana bincike da tambaya, har ta gane abin da take nema. Dole tsawonsa ya kai milimita ɗari huɗu, don abin da bai kai haka ba wahalar banza ce a wurin tsuntsu. Dole kuma kafaɗarta ta iya ɗaukarsa, tunda da ƙafa take zuwa fadama. Sai batun haske. Tsuntsaye da sassafe suke harkarsu, rana ba ta gama fitowa ba, gilasan da ke shan haske sosai kuwa farashinsu na mota ne, albashin malami ba ya ko gaishe su.

Ta zaga shaguna har takalminta ya cinye. A wani shago mai sayarwa ya ɗauko mata wani fari ƙal, dogo kamar bututun famfo, an rubuta ɗari takwas a jikinsa, ga araha kamar an tsinto shi. Ta ɗaura a kyamara ta leƙa, sai ta ga titi kamar ta cikin ruwan wanki.

"Mama, idonki ne," in ji mai shagon.

"Idon nan jiya ya karanta rubutun yara ɗari da tamanin," in ji ta. "Mayar da bututunka."

Daga ƙarshe aka haɗa ta da wani tsohon mai ɗaukar hoto da ya ajiye aiki saboda rawar hannu. Shi ya fito mata da Dogo daga cikin wani akwatin ƙarfe, fentinsa ya kwaile, ga tabo a gefe. Tsohon bai ɓoye mata aibinsa ko ɗaya ba. Ya ce ba shi da na'urar hana girgiza, sai ta ɗora shi a kan ƙafa uku, wato madogarin kyamara, ko ta jingina da bishiya, kuma injinsa na da surutu. Sannan ya nuna mata wata tantabara can a kan turken lantarki, ya ce, "'Yata, ɗauki waccan." Ta leƙa. Ta ga zoben ruwan lemo da ya kewaye ƙwayar idon tantabarar, ta ga wani gashi guda da iska ke ɗagawa a wuyanta. Ba ta ko nemi ragi ba. Kuɗin da ta ware don canza kujerun falo ta ba shi, shi ya sa har gobe baƙo a gidanta yake zama a kujerar da aka tallafe da bulo.

Malama tana shaida cewa Dogo mai haƙuri ne. Rana ta dake shi, ƙaya ta karce shi, ya taɓa faɗawa taɓo tare da ita har gwiwa, bai taɓa yi mata gardama ba. Maganarsa guda ce, in yana neman abin da aka nuna masa sai ya ce "ziiit," in ya kama sai ya ce "ƙit." Wani lokaci wannan "ziiit" ɗin takan kori tsuntsu, Malama ta zage shi ƙasa-ƙasa, kuma yau tana nadamar kowane zagi. Da shi ta ɗauki zalɓe da kifi a baki, da dinya tana jan 'ya'yanta a layi, da guza yana haɗiye kwaɗo, hoton da ya sa 'yan aji uku suka yi ta ihu har shugabar makaranta ta fito da bulala. Yaran da a da suke barci in an ce ilimin halittu, su ne suka koma rigimar kujerar gaba.

Aikinsa na ƙarshe ya fi duk waɗannan nauyi. Wani kamfani ya nemi a ba shi fadamar bayan makaranta ya cike ta da ƙasa ya gina ɗakunan ajiye kaya. Malama ta rubuta wa kwamitin filaye ƙorafi, aka amsa mata cewa in har ta kawo shaidar gauraka na ƙyanƙyasa a wurin, wato hoton 'yan tsakin kansu, za a dakatar da aikin a sake nazari. Kuma akwai su. Gauraki biyu sun yi sheƙa a tsakiyar ciyayi, da ƙwai biyu a ciki. Ba a matsawa kusa da su, in an matsa sai su watsar da ƙwan, saboda haka daga bayan wani suri mai nisa take leƙensu kullum kafin ta shiga aji. Mako huɗu tana wannan tsugunno, sauro na cin ƙafarta. Saura kwana biyu ko uku 'yan tsakin su fito, kwamiti kuma zai zauna ranar Litinin.

A daminar nan ne rashin lafiya ta kama marigayin. Danshi ya shige shi, funfuna ta fito a gefen gilashin ciki, siririya kamar saƙar gizo. Funfunar ba ta ko shafi hoto ba tukuna. Malama ta yanke cewa da zarar an gama da kwamiti za ta aika shi wurin ƙwararren mai gyaran kyamara. Kuskurenta guda, kuma ta amsa shi: ta faɗi wannan magana ana cin abinci, a gaban maigidanta da mijin ƙanwarta. Mijin ƙanwar nan shi ne mai gyaran tabarau.

Ranar Laraba Malama na can tana tsaron jarrabawa, maigidan ya naɗe Dogo a tawul ya ɗaure a bayan babur, wai zai faranta mata rai. Mai Tabarau ya karɓa da hannu biyu.

"Gilashi ai gilashi ne," in ji shi. "Shekara ashirin ina wannan aiki. Har sai an kai shi wani gari?"

Ya fara da ɗan sukurudireban tabarau. Da abin ya ƙi, ya aika a ɗauko masa wuƙa. Ya zaro gilasai goma sha ɗaya ya jera a kan jarida, bai lura da wanne ke gaban wanne ba. Akwai wani shafi mai ɗaukar ido, shuɗi-shuɗi kore-kore, da masu ƙera irin waɗannan gilasai suke yi musu don haske ya wuce ba tare da ya watse ba. Mai Tabarau ya dube shi ya ce dauɗar shekaru ce. Ya sa man goge haƙora, ya sa injin goge tabarau, ya dirje har sai da ya ga fari tas. Wajen mayarwa ya ɗaure wani zobe da ƙarfin tsiya, sai maigidan ya ji marigayin ya ce "ƙas." Ya tambaya, aka ce masa zama ne ya yi daidai.

Da Malama ta dawo ta tarar da su biyu a falo suna murmushi, ga Dogo a kan tebur yana ƙyalli, ga wani ambulan a gefensa.

"Yaya, duba ki gani," in ji Mai Tabarau. "Ya yi fes. Ko sisi ba zan karɓa ba."

Ta ɗaura shi a kyamara, ta nufi mangwaron tsakar gida. Hazo ta gani, da wani layi da ya raba hazon biyu. Injin ya yi gurnani sau ɗaya, ya yi shiru. Ta sake dannawa, shiru.

"Mene ne a cikin ambulan ɗin?"

"Ragowa ne, Yaya. Noti uku da ɗan gilashi guda. Masu ƙera abubuwan nan sun cika cusa tarkacen da ba shi da amfani."

"Ragowa," in ji ta. "Ka buɗe cikinsa, ka fitar da kayan cikinsa, ka ɗinke, ka kawo min ragowa a ambulan. Kai in aka kawo maka tabarau, ido ɗaya kake mayarwa ka ce ɗayan tarkace ne?"

"Malama, da kyakkyawar niyya fa…" maigidan ya fara.

"Maigida, ka dakata. Naka na nan tafe, ban manta da kai ba."

Maƙwabta sun shaida cewa abin da ya biyo baya ya kai kusan awa guda, kuma Mai Tabarau ya fita ya bar hularsa. Da yamma ƙanwarta ta bugo waya tana cewa, "Yaya, ki yi haƙuri, abin duniya ne." Malama ta ce ta sani, shi ma shagon mijinta abin duniya ne, ko za a ba ta aron guduma ta je ta gyara masa?

Ranar Juma'a da sassafe 'yan tsakin suka fito. Malama na bayan suri, ta ga uwar ta miƙe, ta ga wasu abubuwa biyu masu ruwan ƙasa suna tangaɗi a ƙarƙashinta. Ta ɗaga kyamara da ɗan guntun gilashin nan na da, ta ɗauka har sau sittin, hawaye na hana ta gani. Ranar Litinin ta ajiye mafi kyawun hoton a gaban kwamiti. Shugaban ya kai shi kusa da fuska, ya mayar nesa, ya juya shi.

"Malama, wannan tsuntsu ne ko leda?"

Aka yi dariya, lauyan kamfani ya fi kowa. Malama ta ce tunda hoto bai isa ba, su taso su gani da idonsu, tafiyar minti goma ce. Shugaban ya ce kwamiti ba ya shiga taɓo. Wata dattijuwa a cikinsu, wadda jikarta ke ajin Malama, ita ta ce ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba. Da ƙyar aka ɗage zaman zuwa mako guda. In ranar ta zo babu gamsasshiyar shaida, motocin ƙasa za su shiga.

Marigayin ya rasu ya bar kyamara guda, wadda yanzu take zaune a jaka da murfi a fuska. Ya bar ƙafa uku mai ɗingishi, da ƙanensa ɗan guntun gilashi, wanda ba shi da laifi amma ba a son ganinsa. Ya bar hotuna fiye da dubu tara, da ɗalibai, da 'yan tsakin gauraka biyu da bai samu ganinsu ba. Ya kuma bar noti uku da gilashi guda a ambulan.

Ana karɓar gaisuwa a gida bayan an tashi makaranta. Ana roƙon masu zuwa kada wanda ya ce wayar zamani ma tana jawo nesa, an riga an kori mutum biyu a kan wannan magana. Mai Tabarau ya aiko da sabon tabarau a matsayin ban haƙuri, an mayar masa. Maigidan kuwa, ba tare da kowa ya sa shi ba, ya sa babur ɗinsa a kasuwa, yana bin shaguna da ƙafa riƙe da takardar da Malama ta rubuta masa: milimita ɗari huɗu, na hannu, a haska cikinsa da tocila a duba funfuna, kada a saya sai ta leƙa da kanta. Ba ta ce ta yafe ba. Amma jiya ta zuba masa nama biyu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, da fitowar rana, a bakin fadamar bayan makaranta, daidai wurin suri. Ba za a binne shi ba, don Malama ba za ta zuba ƙarfe da gilashi a ƙasar da take faɗa a kanta ba. Bayan an tashi za a kai shi ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, a ajiye shi a buɗe, yara su ga yadda cikinsa yake da abin da karambani ke jawowa.

Masu halarta su sa tufafi marasa haske, su zo da takalmin da ba sa tausayi, su kashe ƙarar waya. Ba a yarda da kuka da ƙarfi ba, akwai masu jego a kusa. Duk mai madubin hangen nesa ko gilashin kyamara mai tsawo, nasa ne ko na aro, ya taho da shi don girman Allah. An aika wa kowane ɗan kwamitin filaye katin gayyata, an kuma tanadar musu kujeru a sahun gaba, inda aka fi hango sheƙar. Dattijuwar ta ce za ta zo, kuma za ta biya ta ɗauko shugaban a motarta.

Kujerun nan goma sha biyu Mai Tabarau ne zai ɗauko su a ka daga makaranta, ya kuma mayar. Shi ya roƙi a ba shi wani aiki, wannan ne kaɗai aka samu wanda babu gilashi a cikinsa. Duk da haka, masu tabarau su riƙe abinsu da kyau.