Yadda Injiniya Badaru Ya Gasa Mana Iri

Ka taɓa ganin mutumin da ya ɗaura yaƙi da hayaƙi, makaminsa janareta biyu? In ba ka taɓa ba, tare ɗan acaɓa ka ce ya kai ka hanyar Guri, nan bayan gari kaɗan. Ba sai ka yi tambaya ba. Ƙara za ta yi maka jagora, warin gas ya yi maka maraba.

Mu mutanen Haɗeja Allah ya yi mana baiwa uku: kogi, alkama, da Injiniya Alhaji Badaru Nu'uman, Shugaban Ƙungiyar Manoman Alkama ta Bakin Fadama, Garkuwan Sararin Samaniya, Dodon Hayaƙi. Kogi yakan janye, alkama sai shekara-shekara, amma Injiniya kullum cikin tumbatsa yake. Mahassada suna cewa bai taɓa zama ajin injiniyanci ba, wai injin ban ruwa kawai yake sayarwa a kasuwa. To sai me? Wanda ya shekara goma sha takwas yana jan igiyar inji ai ya fi mai takarda sanin tarinsa.

Shekara biyu da suka wuce aka gayyace shi wani taro a ƙasar waje kan ɗumamar duniya. Kwana uku ya yi. Ya dawo da hotuna arba'in da ɗaya, da jakar rataye, da kalma guda: kabon. Ranar da ya tara mu, mu ɗari da sittin, ya faɗe ta sau sittin da uku kafin a kira la'asar.

"Jama'a," in ji shi, yana gyara hannun babbar riga, "duniya tana cikin zazzaɓi, kuma gine-gine ne suka sa mata. Kowane gini yana shan wuta, yana fitar da kabon. Ni da idona na ga inda aka ci gaba. Daga yau, in Allah ya yarda, tarihi zai ce Haɗeja ce ta fara, kuma tarihi ya san wanda ya fara a Haɗeja."

Rabin maganar gaskiya ce. Hayaƙin mai da muke ƙonawa don sanyaya ɗaki da haska shi yana ƙara wa duniya zafi, mu kuwa da ke zaune a bakin kogi mun fi kowa sanin yadda damina ta rikice. Da a nan ya tsaya, da mun tafa mun watse lafiya. Amma Garkuwa ba ya tsayawa inda talaka ya tsaya.

Ƙungiyarmu abu ɗaya take da shi mai daraja: iri. In aka yanke alkama a watan Maris, kowa ya ware mafi kyan abin da ya samu ya kai ajiya, ya wuce bazara da damina, sai sanyi ya shigo a watan Nuwamba a fito da shi a shuka. Iri ya mutu, shekara ta mutu. Tun kafin a haifi Injiniya ake wannan ajiya a wani tsohon soro na ƙasa da ke kan tudu. Kaurin bangonsa kamu biyu. Rufin azara da ƙasa. 'Yan tagogi shida can sama, uku kudu uku arewa, iska ta shiga nan ta fita can. Mai kula da shi Malam Umara magini, wanda ke jera buhuna a kan itace, ya zuba ganyen maina, wato darbejiya, a tsakani. Soron bai taɓa shan ɗigon mai ba, ko waya ba a ja masa ba.

Da Injiniya ya dube shi sai ya toshe hanci. "Wannan ba gini ba ne, tarihi ne. Gara ce za ta cinye mu. Ina zan kai baƙi nan in ce musu ga ofishina?"

Masu ba da tallafi suka bayar, aka tashi gina Cibiyar Rage Kabon, sabon ma'ajin iri haɗe da ofishinsa. Tudu bai yi masa ba, domin mai wucewa a mota ba ya hango tudu, sai ya zaɓi kwari a bakin titi. Akwai bishiyoyin maina bakwai a filin. Ya sa aka sare su duka bakwai, saboda sun tare wa jama'a ganin ci gaba. Aka ɗora gilashi falle hamsin da biyu, ko ɗaya ba ya buɗuwa, kuma duk suna kallon yamma. Malam Umara ya je ya tsaya da sandarsa.

"Ranka ya daɗe, mu dai ba a ba wa rana ta yamma fuska. Baya ake juya mata."

"Baba, wannan ilmin zamanin jakuna ne. Gilashi haske yake kawowa kyauta."

Ya kuwa kawo. Ya kawo haske, ya kawo uwar hasken. Don a kore ta aka sa na'urar sanyaya ɗaki tara. Don a ciyar da taran aka sayo faifan sola ashirin da huɗu, aka kafe su a tsaye a jikin bango, ƙarƙashin inuwar baranda. Wani ya tambaya me ya sa ba a kai su saman rufi ba. Injiniya ya yi murmushin da malami ke yi wa daƙiƙi. "In suna sama wa zai gan su? Sannan kai ba ka san ranar garin nan ba? Koɗar da su za ta yi." Da solar ta kasa tayar da ko fanka uku, sai janareta ya zo. Da ya kasa, sai ƙanensa ya biyo shi. Su biyun suna shan gas lita saba'in a yini. Fankam-fankam dai ba shi ne kilishi ba, amma allon ƙofar gida kore ne shar, an zana ganye a jiki.

Ranar buɗe gini ya ba da umarni a kwaso iri. Buhu ɗari biyu da arba'in ne a soro. A-kori-kura ta yi sawu goma sha tara ta kwashe ɗari biyu da ashirin da takwas. Sha biyun da suka rage na Gwaggo Zainaba ne da wasu tsofaffi biyar. Gwaggo Zainaba, wadda ke noman kadada biyu tun rasuwar mijinta, ta shimfiɗa zane a kan buhunan ta zauna.

"Gwaggo, ki tashi, ƙungiya ta yanke hukunci."

"Badaru ɗan Umma, ni na yi maka wankan jego tare da uwarka. Kai gilashinka, ni ƙasata. Tafi."

Aka rubuta sunayensu cikin masu adawa da ci gaba, aka bar su.

Da bazara ta kankama sai aka ce baƙi za su zo duba yawan man da Cibiya ke ƙonawa. Nan hazaƙar Dodon Hayaƙi ta bayyana. Ya kashe na'ura shida da ke ɓangaren iri, ya bar uku da ke ofishinsa, ya kulle ƙofa don kada ƙura ta shiga. "Buhu ba ya gumi," in ji shi. "Shugaba ne ke tunani, kuma tunani ba ya son zafi." Ya sanar cewa ya rage kabon da kashi biyu cikin uku, aka miƙa masa lambar yabo ta katako. Wata la'asar aka rataya ma'aunin zafi a ɗakin irin, ya nuna hamsin da ɗaya. Aka kai shi tsohon soro, ya sauko talatin da biyu. Aka faɗa wa Injiniya, ya ce ma'aunin ɗan ƙauye ne.

Damina ta zo, ruwa ya kwanta a kwari kwana ashirin da shida. Bai shiga ginin ba, danshi ne ya hau ta ƙasa. Gilashi ya yi ta zufa ta ciki. Buhunan da aka ce ba sa gumi suka jiƙa da safe, suka dahu da yamma. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A ƙarshen Oktoba, kamar yadda aka saba, Malam Umara ya ce a gwada iri kafin a raba. Gwajin ba ya son inji. Ka ƙirga ƙwaya ɗari, ka jera a kan jiƙaƙƙen buhun garara, ka naɗe, ka riƙa yayyafa ruwa kwana bakwai, ka buɗe ka ƙirga masu tsiro. Aka naɗe biyu, ɗaya daga Cibiya, ɗaya daga soro. Ran kwana bakwai muka taru a gindin soron. Injiniya ya iso da mai ɗaukar hoto.

Aka buɗe na soro: casa'in da uku. Aka buɗe na Cibiya: goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa, ko ido ya yi rowa. Sha ɗaya ne, huɗu a ciki ma kansu a langaɓe. Saura kwana goma sha takwas a fara shuka. Daga fadama kana jin ƙarar injinan ban ruwa. Mutane sun riga sun yi kaftu, sun ja kwamin ban ruwa, gona tana jira.

Da wani shugaban ne, da kunya ta kashe shi. Namu gyaran murya ya yi.

"Jama'a, kun gani da idonku! Abin da nake faɗa muku ke nan tun shekara biyu. Ɗumamar duniya ta kai har cikin buhu. Da ban gina Cibiya ba, da wa zai gano wannan? Shi kuma wannan soro, a can waje sunansa gini mai sanyaya kansa. Fasaha ce babba, mun yi darasi a kanta. Gobe zan sa a kafa masa allo da sunana."

Malam Umara ya dubi bangon, ya dubi Injiniya. "Ranka ya daɗe, in za a kafa, a kafa ta gabas. Kada ya tare tagar."

Gwaggo Zainaba da tsofaffin nan biyar suka yi shawara a gefe, ba su daɗe ba. Suka ce buhu goma sha biyu ba za su cika fadama ba, amma za su hana iri ɓacewa. Tiya arba'in a buhu, tiya ɗari huɗu da tamanin ke nan, mutum ɗari da sittin. Kowa uku, har su masu shi. Mai kadada biyu bana zai shuka abin da bai wuce filin gida ɗaya ba, ya tara irin baɗi. Sauran gonar ya nemi na kasuwa, ya shuka da addu'a.

Aka yi layi. Injiniya, mai kadada talatin, ya nufi gaba, hannu a miƙe.

"Badaru ɗan Umma, ina za ka?"

"Gwaggo, ai shugabanci..."

"Shugabanci ya ci rabonsa, buhu ɗari biyu da ashirin da takwas. Ka je da su a niƙa, a yi maka finkaso. In iri kake so, ga layi can."

Shi ne na ɗari da sittin. Bai zo da buhu ba, manya ba sa yawo da buhu. Gwaggo ta auna ɗaya, biyu, uku, ta shafe bakin kwano da tafin hannu kada ya yi tozo, ta juye masa a cikin babbar riga. Haka Garkuwan Sararin Samaniya ya gangara tudu, ya tattare gaban riga da hannu biyu, yana takawa a hankali kada ƙwaya ta zube. Mai hoto ya ɗaga kyamara, a karon farko aka ce masa ya sauke.

Kai ma ka gwada. Kafin ka damƙa wa wani gini amanar abincinka, je ka da la'asar ka dafa bangonsa ta ciki. Sannan ka ɗebi ƙwaya ɗari, ka jiƙa buhu, ka jira kwana bakwai. Ka ƙirga da kanka, kada ka bari mai jawabi ya ƙirga maka.